Tambayoyi da Amsoshi Kan Kafa Kantar Littattafai Marar Ƙafa a Jikin Bango

Tun da na kafa kantoci huɗu a ɗakin karatuna a nan Birnin Kebbi, kusan duk baƙon da ya shigo sai ya miƙa hannu ya shafa ƙarƙashinsu yana neman abin da ya riƙe su, daga nan kuma tambayoyi su biyo baya. Ni malamin makaranta ne, aikin katako kuwa a gida na koye shi, a hannun wani dattijon kafinta da muke unguwa ɗaya, da kuma asarar da na yi a aikina na farko. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, tare da amsoshinsu gwargwadon abin da hannuna ya taɓa.

Mece ce kanta marar ƙafa, kuma me yake riƙe da ita?

Falanki ne mai kauri da yake fitowa daga jikin bango, babu ƙafa a ƙasa, babu tokari a ƙarƙashinsa da ido zai gani. Abin da yake ɗauke da shi ƙarfe ne da aka ɓoye a cikinsa. Ana ɗaure wani shimfiɗaɗɗen ƙarfe a bango, wanda aka yi wa waldar rodi biyu ko uku suna fuskantar ɗaki, sa'annan a huda bayan falankin a zura shi a kan rodin har ya manne da bango. Akwai masu dasa rodin kai tsaye a cikin bango da siminti, akwai kuma masu yin akwatin filawud marar baya su sanya shi a kan firam kamar yadda ake sa wuƙa a kube. Duk dabarar ɗaya ce, kuma a dukkansu bango ne yake yin aikin, katako sutura ce kawai.

Me ya sa ba za a sayi kabad mai ƙafa a huta ba?

Kabad yana da amfaninsa, kuma akwai gidajen da shi ne kaɗai mafita, kamar yadda zan faɗa a gaba. Ni dalilina gara ce. Littattafan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sun shekara biyu a cikin kwalaye a ƙasa a jikin bango, ranar da muka ɗaga kwalin ƙarshe sai gindinsa ya zauna a ƙasa, muka tarar da mujalladai bakwai na fiƙihu sun zama jar ƙasa, bangon fatar ne kaɗai ya rage da rubutun hannunsa a shafin farko. A ƙasar da aka gaji karatu tun zamanin Shehu Abdullahin Gwandu, gidaje da yawa suna da irin wannan amana a ajiye a ƙasa. Kantar da ba ta taɓa daɓe ba ta rage wa gara hanya, in ma ta hau bango za a ga layin ƙasarta tun kafin ta iso. Ƙari ga haka ana share ƙarƙashinta ba tare da ɗaga komai ba, ɓera ba ya samun bayan da zai ɓuya, kuma ƙaramin ɗaki ba ya ƙuntata.

Malam, littattafai ne fa kawai, har wane nauyi gare su da ake wannan tsoro?

Wannan tunani shi ne yake kayar da yawancin kantoci. Takarda tana da nauyi ƙwarai. Ƙunshin takardar ofis mai ganye 500 nauyinsa kilo 2 da rabi ne, kaurinsa kuwa kamar santimita 5. Idan aka jera irinsa 20 a tsaye sun cika mita ɗaya, nauyinsu ya zama kilo 50, daidai da buhun siminti. Manyan littattafan likitanci da na shari'a sun yi kusa da haka. Mujalladan Larabci bugun Beirut ko Alƙahira, waɗanda yawancinsu santimita 17 ne a faɗi da 24 a tsawo, mita ɗaya nasu yakan kai kilo 30 ko ya ɗan wuce. Ƙananan littattafan Hausa na labarai ne kaɗai za a ce ba su da wani nauyin damuwa.

Amma ba a nan matsalar ta tsaya ba. Mutum ya ɗauki bokitin ruwa ya riƙe shi a gefen cinyarsa, sa'annan ya miƙa hannunsa gaba da shi, zai ji yadda kafaɗarsa take neman tsinkewa alhali ruwan bai ƙaru ba. Haka kanta marar ƙafa take yi wa bango. Nauyin yana can gaba, gefen ƙasa na ƙarfen yana tokare da bango, sukurun da ke sama kuwa ana fizgarsa waje kamar yadda guduma take zare ƙusa. Mu ɗauka littattafan kilo 30 ne, tsakiyar nauyinsu tana santimita 10 daga bango, tazarar da ke tsakanin sukuru da gefen ƙasa na ƙarfen kuma santimita 2 ce. Goma ta ninka biyu sau biyar, saboda haka ƙarfin da yake jan sukurori waje ya kai kilo 150, nauyin buhun siminti uku, dare da rana, shekara da shekaru. Idan sukuru shida ne suka raba shi, kowane yana fama da kilo 25. Idan biyu ne kawai, kowane 75. Duk santimita ɗaya da aka ƙara wa faɗin kanta kuma ƙari ne a kan wannan lissafi, shi ya sa nake hana mutane yin kanta mai faɗin da littattafansu ba su buƙata.

To kowane bango zai ɗauka?

A'a, kuma wannan ita ce tambayar da ta kamata a fara amsawa kafin a kashe ko sisi a kan katako. Yawancin gidajenmu na zamani da bulon siminti aka gina su, mai inci 9 a kewaye da mai inci 6 a tsakanin ɗakuna. Bulo kuwa ba curarre ba ne, yana da kogo biyu a ciki, fatarsa ba ta wuce inci ɗaya da rabi zuwa biyu ba, wani lokaci ma ba ta kai ba. A kan wannan fata aka shafa filasta, ita kuwa filasta ba ta riƙe komai. Wanda ya huda bango ya ji bakin injin ya faɗa fanko bayan ɗan gajeren lokaci, to ya shiga kogo, kuma duk tsawon sukurun da ya wuce nan a iska yake.

Kantata ta farko da haka ta faɗi. Na sa fisha huɗu na roba, wato 'yan kwanson da ake cusawa a ramin bango don sukuru ya kama, na ɗaure sukuru har ya yi tsam, na jera littattafai na yi murna. Bayan kamar wata biyu, wata ranar bazara da tsakar dare, muka ji ƙara kamar an jefo dutse a kan kwano. Da na haska fitila sai na ga fisha huɗun duk sun fito lafiyarsu ƙalau, kowace da dunƙulen yashi manne a jikinta. Katakon bai karye ba, ƙarfen bai lanƙwashe ba, bulon ne ya marmashe, domin wanda ya buga shi ya tsawaita buhun siminti fiye da kima kuma ba a ba shi ruwa ya ƙosa ba. Allah ya tsare, tabarmar da yarana suke karatu a kanta da yamma ce a ƙarƙashin.

Saboda haka a fara gwada bango. A yi huda ɗaya a wurin da kanta za ta rufe, a dubi abin da yake fitowa. Gari mai laushi mai launin toka, da injin da yake shan wuya, alamar bulo mai kyau ne. Yashi mai gudu wanda ramin yake ƙara faɗi da kansa alamar bulon da ba za a amince masa ba. A ƙwanƙwasa bangon da ƙotar guduma a ji inda sauti ya toshe, nan ne ƙarshen bulo ko katangar da ta raba kogon biyu, kuma tun da tsawon bulo inci 18 ne, irin waɗannan wurare masu tauri sukan zo kusan kowane inci 9. Wanda ya dace da ginshiƙin kankare ya yi sa'a.

Inda bulo ya yi rauni akwai magani biyu. Na farko a fasa ƙaramar ƙofa a saman inda sukuru zai shiga, a cusa takardar buhun siminti ta toshe kogon daga ƙasa, a ɗura kwaɓin siminti ɗaya da yashi biyu ko uku tare da 'yar ƙaramar tsakuwa har ya cika, a riƙa yayyafa ruwa, a bari aƙalla kwana 7 kafin a huda. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28, amma a mako guda ya samu kusan kashi biyu cikin uku. Na biyu, wanda ya fi kowace dabara ƙarfi a bangon inci 6, a huda bangon har ya ɓulla ɗaya ɗakin, a zura dogon rodi mai haƙoran noti, a sa faffaɗar washa ta ƙarfe a can bayan, a ɗaure, a binne ta a cikin filasta a shafe da fenti. Kantocina huɗu na yanzu haka aka yi musu.

Gidanmu ginin ƙasa ne, akwai dabara?

Ba na ba da shawarar kafa kantar littattafai marar ƙafa a bangon ƙasa, ko da an yi masa shafen siminti. Ƙasa tana jure nauyin da ya danne ta daga sama, amma ba ta jure fizga, ga kuma gara da take tafiya a cikinta ba a gani. Magabatanmu sun riga sun warware wannan da alkuki, wato gurbin da ake bari a cikin kaurin bango. A faɗaɗa alkuki, a shafe cikinsa da siminti, a shimfiɗa falanki a ciki, ya fi aminci nesa ba kusa ba. In ba haka ba a koma ga kabad mai ƙafar ƙarfe, a ɗan janye shi daga bango.

Na ga bidiyoyi a YouTube ana kafa irin wannan kanta cikin minti goma, me ya sa naku ya yi tsawo?

Yawancin waɗannan bidiyoyi daga Amurka suke, inda ake gina bangon gida da tsayayyun katakai a tazarar inci 16 a rufe su da siririn allo. Can aikin shi ne a gano katakon da ke ɓoye a ɗaura sukuru a jikinsa. Mu ba mu da wannan katako a bangonmu. A koyi yankan katako da gogewa a wurinsu, amma batun ɗaurewa a bango a tambayi magini na gida.

Wane katako ya kamata in nema a 'yan katako?

Ana buƙatar falanki mai kaurin inci 2, wanda bayan an fere shi a inji zai dawo kamar milimita 45. Kauri ba ado ba ne. Idan aka ninka kaurin falanki sau biyu, jurewarsa ga lotsawa takan ninka sau takwas, kuma sai da wannan kauri rodi zai samu wurin ɓuya. A ra'ayina iroko ne kan gaba, domin gara ba ta cika son sa ba kuma ba ya yawan motsi idan ya bushe. Maɗaci, wanda ake sayarwa da sunan mahogani, yana biye masa, ga jan launi mai kyau idan ya sha mai. Malaina ba ta da nauyi kuma ba ta cika kandarewa ba, za ta yi wa kantar ƙananan littattafai. Farin katako irin obece yana da araha da daɗin aiki, sai dai yana da taushi, rodi yakan ci cikinsa a hankali, ƙwaro mai zubar da gari kuma yana son sa. Ƙirya tana da taurin da ya sa ake sassaƙa turmi da ita, amma nauyinta kaɗai kaya ne a kan bango, huda ta kuma sai an sha wahala.

MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, wanda ake yin kabad ɗin zamani da shi, ban yarda da shi ba a wannan aiki. Yana lotsawa da daɗewa, gefensa ba ya riƙe sukuru, ruwa kaɗan kuma yake kumbura shi. Wanda bai samu falanki mai kauri ba ya nemi filawud mai kyau ya yi akwati. Allo ɗaya mai ƙafa 4 da ƙafa 8 zai fitar da kantoci da dama.

An ce kada in yi aiki da katako ranar da na saye shi, gaskiya ne?

Gaskiya ne. Mafi yawan katakon da ake sayarwa a Birnin Kebbi da Jega da Gusau daga dazuzzukan kudu yake zuwa, kuma yakan iso da ruwansa a jiki. Falankin da ya yi sanyi a tafin hannu, ya yi nauyi fiye da ɗan'uwansa, ko garinsa ya dunƙule a bakin zarto, ɗanye ne. Idan aka huda shi a haka, hunturu na shigowa a watan Nuwamba zai tsotse ruwan da sauri, falankin ya ƙanƙance ta faɗi, ya kandare ko ya tsage daga baki, ramukan rodi su kauce daga inda aka auna su. A jera falankai a inuwa inda iska take ratsawa, a ɗaga su daga ƙasa, a sa siraran sanduna a tsakaninsu, a ɗora nauyi a sama, a shafa wa bakunan biyu fenti don kada su tsage. Falankin inci 2 yana son watanni, ba kwanaki ba, saboda haka wanda ya samu tsohon katako busasshe, ko da na tsohuwar ƙofa ne, ya riƙe shi da kyau. Kada a shanya a rana don gaggawa. Ni nakan saya da kaka, in yi aiki a ƙarshen hunturu, domin katakon da aka haɗa a lokacin da ya fi bushewa in damina ta zo ƙara matsewa yake yi.

Wane awo ya dace?

A auna littattafan tukuna. Faɗin santimita 20 ya ishi mujalladan Larabci da yawancin littattafan makaranta, masu girman takardar ofis kuma 25. Ban taɓa wuce 25 ba. Tsawo kada ya wuce mita ɗaya ko mita ɗaya da santimita 20, gara kantoci biyu gajeru da ɗaya doguwa, domin in ɗaya ta samu matsala ba dukkan littattafai za su zubo ba. Tsakanin kanta da kanta a bar santimita 28 zuwa 30, manyan littattafai kuma 35, yadda yatsa zai samu wurin jawo littafi ta sama.

Me zan ce wa mai walda?

Kada a je masa da baki kawai, a je da zane da kuma falankin kansa. A nemi shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai faɗin santimita 3 da kaurin milimita 6, tsawonsa ya gaza na falanki da santimita 5 a kowane gefe. Rodi ya zama mai milimita 12. Wani zai ce mai 10 ma ya isa, amma bambancin milimita biyun nan ya sa mai 12 ya ninka mai 10 sau biyu wajen jure lanƙwasa. Kantar mita ɗaya tana son rodi uku, na gefe su shigo kamar santimita 10 daga bakin falanki, tsawon kowane ya kai kashi uku cikin huɗu na faɗin kanta, wato santimita 15 a kanta mai 20.

Abubuwa uku nake tsayawa a kai har sai an yi su a gabana. Ya huda ƙarfen ya zura gindin rodin a ciki ya yi walda gaba da baya, ba ɗigo biyu a fuska ba, sa'annan ya goge bayan ya yi sumul don ya kwanta a bango. Ya ɗan ɗaga kan kowane rodi sama da kamar milimita 2 zuwa 3, domin idan kaya ya hau zai sauko ya daidaita, kuma kantar da ta ɗan karkata wajen bango ta fi wadda take kallon ƙasa. Ramukan sukuru kuma su kasance biyu a gefen kowane rodi, dama da hagu, kusa da gefen sama, saboda in sun yi nisa da rodi ƙarfen murɗewa yake yi a tsakani. Walda tana jan ƙarfe idan ya huce, don haka a duba rodin ukun da ido daga gefe a tabbatar suna layi ɗaya. Daga nan a shafa jan fentin hana tsatsa.

Ta yaya zan huda falanki ramin ya tafi a miƙe?

Nan ne hannu yake rawa. Ramin santimita 15 a cikin kaurin milimita 45, in ya kauce kaɗan zai ɓulla ta sama ko ta ƙasa. A ɗora ƙarfen da aka gama waldarsa a bayan falanki a zana inda rodi ya taɓa, kada a dogara da awon takarda. A samu guntun katako mai tauri a kai wa masu injin huda na tsaye su yi masa rami miƙaƙƙe, a matse shi a bayan falankin ya zama jagora ga bakin injin. A riƙa shiga kaɗan ana fitowa ana zubar da gari. Rodin gini mai ƙurji-ƙurji ya fi sunansa kauri, mai 12 yana son rami na 14. Bayan haka a sassaƙe gurbi mai zurfin milimita 6 ko 7 a bayan falankin da kurfi, inda shimfiɗaɗɗen ƙarfen zai nutse. Wanda wannan mataki ya ba shi tsoro ya sa a yi masa firam da fayif mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, ya haɗa akwatin filawud da farin gam irin Top Bond da ƙananan ƙusoshi ya zura a kai, babu dogon rami ko ɗaya.

Ranar kafawa me zan kiyaye?

Wayar wuta tukuna. Masu wayarin sukan binne bututunsu a miƙe sama ko ƙasa daga soket da makunnin fitila, saboda haka kada a huda a wannan layi, kuma a guji bangon da banɗaki ko kicin yake bayansa saboda bututun ruwa. A kashe wutar gidan gaba ɗaya, a ja wa injin wuta daga janareta ko a yi amfani da mai batir.

Kada a auna daga daɓe ko daga silin, sau da yawa su kansu ba daidai suke ba. A ari ma'aunin magina mai kumfa a cikin kwalba, ko a cika siririn tiyo mai haske da ruwa a ɗaga bakunansa biyu a jikin bango, inda ruwan ya tsaya a kowane gefe layi ɗaya ne. A ɗaure rami ɗaya na tsakiya tukuna, a daidaita, sa'annan a zana sauran. A bulon da ba shi da ƙarfi a kashe dukan injin a bar shi da juyawa kawai, don kada fatar bulo ta fashe ta ciki. A hure ƙurar ramin da famfon keke kafin a sa fisha, a kare ido da hanci. Fisha mai milimita 10 da sukuru mai kaurin 6 ko 7 da tsawon santimita 8 shi ne mafi ƙanƙantar abin da nake yarda da shi. Ƙusar kankare ba ta da wuri a wannan aiki, haka ma guntun icen da wasu suke cusawa a rami a madadin fisha, domin hunturu zai busar da shi ya saki. Idan filasta ta yi tudu da kwari a cike bayan ƙarfen da washa har ya zauna daram. Bayan an zura falanki a sa ƙaramin sukuru ɗaya daga ƙarƙashi ya danne rodi, don kada yaro ya jawo shi ya saɓule.

Wane mai za a shafa, kuma ya batun maganin gara?

A goge da sanfefa mai lamba 80, sai 120, sai 180, ana bin tsawon jijiyar katako. Maganin gara irin Solignum a shafa shi a baya da cikin ramuka, a bar warinsa ya fita a waje. Baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi kada ya kusanci kantar littattafai, zai yi ta tsattsafowa da zafi yana ɓata takarda. Banish a yi shafi biyu ko uku marasa kauri, a kowace fuska har da ƙasa da baya, domin falankin da aka rufe fuskarsa ɗaya kaɗai ta ɗayar yake shan laima ya kandare. Ranar da ƙura ta taso ba ranar banish ba ce. In ya zama dole a rufe tagogi a yayyafa ruwa a daɓe. A bari ya yi mako guda ko fiye kafin a ɗora littafi, don zafin bazara da yake wuce digiri 40 yakan sa bangon littafi ya manne da man da bai gama bushewa ba.

Ta yaya zan san ta yi ƙarfi kafin in amince mata?

A gwada ta da ruwan leda. Jaka ɗaya mai ƙulli 20 na rabin lita kilo 10 ce. A ja layi da fensir a bango daidai da saman kantar, a auna tsayin bakinta daga ƙasa, a jera jaka huɗu a kan kantar mita ɗaya, a kwashe komai daga ƙarƙashi, a rufe ɗakin har kwana biyu. Saukar milimita 2 ko 3 a baki ba abin damuwa ba ne. Amma in an ga tsaga ta buɗe tsakanin falanki da bango ta sama, ko garin filasta ya zubo a ƙasa, to bangon yana saki, kuma ƙara ɗaure sukuru ba zai gyara ba, sai an koma ga cika kogon ko ɓulla bango. Ko bayan an jera littattafai a riƙa duba wannan tsaga, musamman a ƙarshen damina da tsakiyar hunturu.

Gidan haya nake, zan iya?

Sai da izinin mai gida, kuma a faɗa masa gaskiyar yawan ramukan da za a yi. In bai yarda ba a haƙura. Ɗaliban da suke zaman shekara ɗaya a Aliero ko Kalgo ƙaramin kabad da za su ɗauka su tafi ya fi musu.

Wane bango ya fi dacewa, kuma yaya za a jera littattafan?

Bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki ya fi na waje. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne yake shan dukan ruwa yana riƙe laima, na yamma kuma yana gasuwa da rana tun daga azahar har zafin ya ratso ciki ya busar da gam ɗin littafi. Duk bangon da fentinsa yake ɓarewa ko yake fitar da farin gishiri a guje shi, musamman a garuruwan bakin ruwa irin Argungu da Yawuri. Kada a kafa kanta a saman gado, ko inda ake shimfiɗa darduma, ko inda yara suke zama, kuma ta ƙasa ta wuce inda ƙaramin yaro zai kama ya yi lilo.

Wajen jeri a tura littattafai su kusanci bango, a bar tazarar yatsa ɗaya kawai don iska, tun da duk abin da ya matso baki ƙarin fizga ne a kan sukuru. Manyan mujalladai a raba su a kan rodi, kada a tara su a gefe ɗaya. Tun da kantar ba ta da gefe, a kwantar da littafi uku ko huɗu a kowane ƙarshe su tare sauran. Alƙur'ani mai girma a kanta ta sama yake zama, ba a ɗora komai a kansa, saboda haka tun wajen awo a tabbatar hannun mai gida da na uwargida duk suna isa can ba tare da hawa kujera ba. Tsofaffin takardun rubutun hannu na Larabci da ajami, waɗanda ganyensu a warware yake, ba a tsayar da su, nauyinsu zai naɗe gefen ƙasa ya karya shi. A bar su a cikin gafakarsu ko tsakanin kwali biyu a ɗaure da zare mai laushi, a kwantar da su, kada a ɗora fiye da uku a kan juna, a kuma sauke su sau biyu a shekara a kaɗe ƙura a duba bayansu.